Kafin ki sayi 'yan zomayen cikin kwali

Wata uwa daga Tudun Wada ta rubuto: "Ɗana ɗan shekara 9 ya hana ni sakat sai na saya masa zomo. Na ga 'yan ƙanana a kwali a kasuwa, ba su fi tafin hannu ba, kuma sun fi manya sauƙin kuɗi. Su zan saya don su saba da shi?"

Hajiya, ki bar na kwalin nan, araha ba ta ado. Zomanya tana ɗaukar ciki kwana 30 zuwa 31, ta haifi 'ya'yanta ba gashi, ido a rufe, sai wajen kwana 10 suke buɗe shi. Wanda bai fi tafin hannu ba, yawanci an raba shi da nono ne tun cikinsa bai yi ƙwari ba. Ki kawo shi gida, yara su cika shi da kabeji da karas, kwana uku zawo ya kama shi, da safe a tarar da shi a miƙe. Kukan da yaron zai yi ya fi rarar kuɗin da kika samu. Ki nemi wanda ya kai sati 8, yana cin harawa da kansa.

In da hali, ki je gidan mai kiwon da ƙafarki ki ga uwar da kejin. Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika, kusa da Zariya, tana da sashen binciken zomaye, kina iya tura wani ya yi tambaya a can. Ko ina kika je, kada farin gashi da jan ido su ɗauke miki hankali. Ki duba ƙarƙashin wutsiya, in da kashi manne, kada ki saye shi. Ki duba cikin ƙafafun gaba, domin zomo da su yake share hanci, gashin wurin kan dunƙule in yana mura. Ki leƙa kunne ko da ɓawo. Ki ɗaga leɓe ki ga haƙoran gaba sun haɗu daidai, saboda haƙoran zomo ba sa daina tsiro, waɗanda suka karkace kuwa tsawo za su yi ta yi har cin abinci ya gagare shi.

Mai sayarwa zai ce ki ɗauki mace da namiji. In ba kiwon sayarwa kike nufi ba, ki ɗauki mata biyu 'yan ciki ɗaya. Mace da namiji daga wata 4 zuwa 5 sun isa barbara, kuma zomanya tana iya ɗaukar wani cikin washegarin haihuwarta. Da yawa daga zomayen da ake rasa yadda za a yi da su daga irin wannan sayayya suka fito.

Ki koya wa yaron kada ya ɗauke shi ta kunne: hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya ya tallafi gindi. In ya yi harbi a sama ba tallafi, bayansa na iya karyewa. Zancen da ake yi wai zomo ba ya shan ruwa kuwa, yana ɓata mini rai duk lokacin da na ji shi. Yana sha, a ajiye masa kullum. Sannan ki sani zomon da aka kula da shi yakan yi shekara 8 ko fiye. Yaron zai tafi sakandare, kiwon ya dawo kanki.

Wani matashi daga Samaru ya ce: "Maƙwabcina ɗalibi ya gama karatu zai tafi, ya ce in karɓi zomayensa uku kyauta, in ba haka ba ya sake su. Biyu kunnuwansu sun yi ɓawo. Ina da nawa lafiyayyu. In karɓa?"

Ƙanena, ka karɓa, Allah ya ba ka lada. Zomon gida ba zomon daji ba ne, in aka sake shi kare ko kyanwa ce za ta same shi. Sai dai kada tausayi ya sa ka kashe naka. Ka ware su a wani gefen gidan aƙalla sati 2, da kwanon abinci da na ruwa daban. Kullum ka fara ciyar da naka, sannan baƙin, ka wanke hannu. Ba don kunnen kaɗai nake faɗa ba. A 2020 wata cuta mai sa zomaye zubar jini ta ɓulla a Nijeriya, ta kashe da yawa a Kwara da Oyo, kuma ƙwayarta takan daɗe a jikin keji da takalmi. Tsohon kejinsu ma sai ka wanke shi da bilic ya sha rana.

Ɓawon kunnen alamar ƙazuwa ce, wasu 'yan ƙwari ne ke cin fatar. Tana warkewa. Kada ka ɓamɓare ɓawon, kada ka shafa baƙin mai ko kananzir kamar yadda wasu za su ce maka. Ka kai su asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, ga shi nan kusa da kai. Ivermectin ake yawan ba su, likita ne zai auna gwargwadon nauyinsu. Kuma kada ka ɗura wa zomo amoxicillin ko ampiclox na kemis, suna lalata masa hanji har ya mutu.

Wani dattijo daga cikin birni ya tambaya ko kejin waya ya fi ko na katako.

Baba, wurin da za a ajiye kejin ya fi kayan da aka yi shi da su muhimmanci. Zomo ba ya gumi kamar mu, ta kunne yake fitar da zafi, don haka kejin da ke ƙarƙashin kwano a tsakar rana yana kashe shi a zafin Maris da Afrilu. A sa shi inuwar da iska ke bi. A yi ƙasan da waya don kashi ya zube, a ɗora ɗan katako inda zai huta ƙafa, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gafiya da kwarkwasa. Da hunturu, a rufe gefen da iska ke bugowa da buhu.