This, That, These, Those: Wanne Ya Dace A Ina?

Tambaya: Malamai, kalmomin this da these suna rikita ni, haka ma these days da those days. Na rubuta "this books", malaminmu ya ja masa layi da jan biro. Ina kuskuren yake? Daga wata ɗaliba.

Amsa: 'Yar'uwa, kafin ki ɗauki ɗaya cikin huɗun nan, duba abu 2: guda ne ko da yawa, kusa yake ko nesa? Littafin da ke hannunki this book ne, wanda ke kan teburin can kuwa that book. Wancan da waccan duk that ne, don Turanci bai raba namiji da mace a nan ba. In sun yi yawa, waɗannan these, waɗancan those. Books jam'i ne, shi ya sa these books ya dace.

Galibi daga kunne matsalar take farawa. This wasalinsa gajere ne, yana ƙarewa da sautin s. These kuwa ana jan wasalin, a rufe da z. Duk wanda yake furta su iri ɗaya, hannunsa ma zai cakuɗa su a takarda. Ki riƙa faɗinsu a bayyane, kina jan na biyun.

Akwai masu yaudara. News yana da s a ƙarshe, amma tilo ake ɗaukarsa: this news. People ba shi da s, amma these people ake cewa. Wando da almakashi kuma jam'i ne ko da guda ne: these trousers, those scissors.

Nisan ba na wuri kaɗai ba ne, har da lokaci. These days na nufin a zamanin nan, in those days kuma a wancan zamani da ya shuɗe. This days babu shi sam.

Inda Bahaushe ya fi tuntuɓe shi ne a hira. Wani ya gama magana, mu sai mu ce "wannan gaskiya ne", amma Bature yakan ce "That's true", domin zancen ya riga ya fita daga bakin mai shi. Abin da za ki faɗa yanzu shi ne this: "Listen to this." A waya ma, da this is ake gabatar da kai. Wajen tambayar wanda ya ɗauka, mutanen Ingila sukan ce "Is that...?", na Amurka kuwa "Is this...?"