Amsar tambayar ɗan'uwa kan kalmar "dodo"

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ɗan'uwanmu da ya turo hoton ɗan maraƙin nan da aka haifa da kai biyu ya tambaya ko daidai ne a rubuta "dodo" a ƙarƙashinsa. Malam, a fahimtata kalmar ba ta dace da wannan wuri ba.

Dodo, jam'insa dodanni, macensa dodanniya, asalinsa a tatsuniya yake, inda yake zaune a ƙungurmin daji ko cikin ruwa yana haɗiye mutane, kuma da sunansa uwa take tsorata yaron da ya ƙi barci. Abin lura shi ne, a tatsuniya ba kasafai ake tsayawa siffanta shi filla-filla ba, domin ƙarfinsa yana cikin ɓoyuwarsa da fargabar da yake jefawa a zuciya. Ina ganin wannan ɓoyuwa ce ta sa muke cewa dodon koɗi da dodon kunne, tunda dukansu a ciki suke, ba a cika ganinsu ba. Mu da muke zaune a Jos mun san wani amfanin kuma, domin da Hausa ana kiran mai shigar rufe jiki na bukukuwan gargajiyar ƙabilun Filato dodo, kuma a wurin masu wannan al'ada abu ne mai martaba da sirri.

Har yabo ake yi da kalmar, kamar yadda ake kiran gwarzon ɗan dambe dodon abokan karawarsa. Idan kuwa barazana ce marar tushe, sai a ce dodorido.

Wannan maraƙi ba ya tsorata kowa, tausayi ma yake bayarwa, saboda haka "abin al'ajabi" ko "halittar da ba a saba gani ba" shi ya fi dacewa. Idan girman jiki ake nufi, muna da basamude, daga Samudawa mutanen Annabi Salihu, alaihis salam.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda wasu ke liƙa sunan dodo ga jaririn da aka haifa da wata nakasa, har su yaɗa hotonsa. Ina roƙon masu kula da zauren nan, idan irin wannan hoto ya shigo, su goge shi, domin mahaifiyar yaron ma tana da waya a hannunta. Wassalam.