Teburin tatsar akuya, na katako ko na ƙarfe?

Malam, kan tambayarka ko kafinta zai haɗa maka teburin tatsa ko ka je wajen mai walda, ni dai a ganina in awakin ba su wuce uku huɗu ba katako ya wadatar, ka shiga Kasuwar Katako nan Jos ka zaɓi mai kauri wanda ya bushe sosai, don ɗanye lanƙwashewa yake yi daga baya. Tsayi daga ƙasa kamar santimita 40 zuwa 45, yadda in ka zauna kan 'yar kujera hannunka zai kai hantsar ba sai ka yi ta duƙawa ba. Tsawo mita 1 da ɗan ɗori, faɗi wajen santimita 50.

Inda aikin yake shi ne wajen wuya. Sanduna biyu a tsaye, ɗaya a kafe ɗaya tana motsi, akuyar ta zura kai tsakaninsu ka sa sakata, ya riƙe ta amma fa kar ya shaƙe ta. In masu ƙaho ne irin jajayen nan na Sakkwato to a buɗa saman sosai don kan akuyar ya shige. A gaba ka maƙala roba ka zuba dusa, tana ci kana tatsa, da ta saba ma da kanta za ta riƙa hawa.

Inda take takawa kar ya yi santsi, shimfiɗa tabarmar roba irin ta ƙasan mota. Matsalar katako yana shan nono da fitsari, dole wanki da shanyawa a rana, in ba haka ba ƙazantar na iya jawo ciwon hantsa. Ƙarfe ya fi sauƙin wanki amma damunar Jos sai tsatsa, sai ka dinga shafa masa fenti.