Fatawa: Hukuncin Kallo da Tura Fina-finan Ban Tsoro na Sararin Samaniya

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni matashi ne daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim ta Jihar Jigawa. Ina da shagon cajin waya mai aiki da sola a bakin kasuwa, kuma ina tura wa mutane fina-finai a wayoyinsu. A ɗan tsakanin nan samari sun fi neman fassarar fina-finan Turawa na ban tsoro da ake nuna su a cikin kumbo can sararin samaniya, inda wani dodo yake bin mutane yana hallaka su ɗaya bayan ɗaya. Da daddare nakan kunna a talabijin, yara su taru a ƙofar shago. Wani maƙwabcinmu ya kai ƙarata wurin mahaifina, ya ce ɗansa ya ƙi kwana a tsakar gida duk da zafin bazara, yana firgita cikin barci yana cewa wani abu zai sauko daga sama. Wani abokina kuma ya ce kallon kafirci ne, tunda an ƙago halittun da Allah bai yi ba. Mene ne hukuncin kallon, kuma mene ne matsayin kuɗin da nake samu?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullahi wa barakatuhu. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Allah ya yi maka albarka, ɗana, da ka tsaya ka tambaya, domin tun a farkon Ahalari aka karantar da mu cewa ba ya halatta ga baligi ya aikata wani aiki har sai ya san hukuncin Allah a cikinsa, ya kuma tambayi malamai.

Zan fara da maganar abokinka, domin ita ce mafi hatsari a cikin abin da ka kawo. Kallon irin wannan fim ba kafirci ba ne, kuma ya kamata ya kama harshensa, saboda ya tabbata a Muwaɗɗa da Buhari da Muslim cewa idan mutum ya ce wa ɗan'uwansa kafiri, to kalmar za ta koma kan ɗayansu. Labarin da mai bayarwa da mai sauraro duka suka san ƙirƙira ce ba ya shiga ƙaryar da aka haramta, balle a ce da'awar yin halitta ce tare da Allah. Kakanninmu sun yi mana tatsuniyar Dodo da Gizo da Ƙoƙi, malaman garuruwanmu suna ji ba su kafirta kowa ba, kuma a zaurukan ilimi na Kano har yau ana karanta Muƙamatul Hariri, alhali kowane ɗalibi ya san Abu Zaid ɗin da ake ba da labarinsa a ciki ƙagagge ne. Dodon fim kuwa bai wuce roba da fenti da aikin kwamfuta ba. Fim ɗin da ya shahara da wannan salo, wato Alien na 1979, wanda ya sa rigar dodon a cikinsa ɗan Nijeriya ne haifaffen Legas mai suna Bolaji Badejo, ɗalibi a Landan a lokacin, wanda aka zaɓa saboda tsayinsa ya haura mita 2 ga shi siriri. Wanda ya ɗinka wa mutum riga mai haƙora bai halicci kome ba.

Game da ko akwai wasu masu rai a wajen wannan ƙasa tamu, Musulmi ba ya yanke cewa akwai, ba ya kuma rantsewa babu. Allah yana cewa a Suratus Shura, aya ta 29, yana daga cikin ayoyinsa halittar sammai da ƙasa da abin da ya watsa a cikinsu na masu motsi, kuma a Suratun Nahli, aya ta 8, ya ce yana halittar abin da ba ku sani ba. Wasu malaman tafsiri sun ce mala'iku da mutane ake nufi a ayar farko, yayin da Imam Fakhruddin Ar-Razi ya ce ba abin mamaki ba ne a ce Allah ya halicci wasu nau'o'in dabbobi a sammai masu tafiya kamar yadda mutane suke tafiya a ƙasa. Masana kimiyya kuma, tun daga fitar Yuri Gagarin a 1961 da saukar Amurkawa a kan wata a 1969 har zuwa na'urorin da suke yawo a duniyar Mars, ba su tabbatar da samun ko ƙwayar halitta guda mai rai a can ba. Inda aƙida take shiga hatsari shi ne a wasu daga cikin fina-finan da suke nuna cewa waɗansu baƙin halittu ne suka ƙagi ɗan'adam, ko kuma wuta wani wuri ne da kumbo zai iya kutsawa ya dawo. Wanda ya gaskata wannan ya ƙaryata Alƙur'ani, wanda kuma bai gaskata ba amma ya zauna yana jin daɗin kallo ya saɓa wa aya ta 140 ta Suratun Nisa'i, wadda ta hana zama a inda ake kafirce wa ayoyin Allah ana yi musu izgili. Irin wannan fim haramun ne kallonsa, haramun ne tura shi, ko da mai fassara ya lulluɓe maganar da barkwanci.

Babban abin da hukuncin tambayarka ya rataya a kansa shi ne tsoratarwa. Shi tsoro na ɗabi'a ba laifi ba ne, domin Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Musa, alaihis salam, ya fita daga birni yana mai tsoro yana waige-waige. Abin da shari'a ta hana shi ne ka jefa tsoro a zuciyar wani da gangan. Abu Dawud ya ruwaito cewa sahabbai suna cikin tafiya tare da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, sai ɗayansu ya yi barci, wani ya je ya ɗauke igiyar da take tare da shi, ya farka a firgice, sai Annabi ya ce ba ya halatta ga Musulmi ya firgita Musulmi. Igiya ce kawai, da wasa aka ɗauke ta, kuma babban mutum aka yi wa, amma duk da haka aka ce bai halatta ba. To, ina ga yaro ɗan shekara bakwai da aka nuna wa wata halitta tana fasa ƙirjin mutum tana fitowa jina-jina?

Kuma ka sani waɗannan fina-finai da gangan aka gina su domin su razana mai kallo. An zaɓi kumbo ne saboda wuri ne rufaffe da babu ƙofar gudu, babu maƙwabcin da zai kawo ɗauki, sai a rage haske, a bar shiru ya yi tsawo har mai kallo ya riƙe numfashi, sannan a sako ƙara farat ɗaya. A sarari babu iskar da za ta ɗauki sauti, saboda haka duk rugugin da ake ji a wajen kumbon a ɗakin haɗa sauti aka ɗora shi. Babba yana iya tuna wannan ya yi dariya bayan an gama. Yaro kuwa bai gama rarrabe abin da aka shirya da abin da ya faru ba, kuma a nan ne fim ya rabu da tatsuniya, domin Dodon tatsuniya daga bakin kaka yake fitowa, yaro yana jingine da ita, shi yake sawwara shi daidai ƙarfin zuciyarsa, a ƙarshe kuma a ce ƙurunƙus kowa ya san an gama. Na talabijin kuwa gani ya kori ji, ya shiga ido da kamanninsa, kuma babu mai cire shi idan an kashe sola. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya faɗa mana cewa daga cikin mafarki akwai wanda yake fitowa daga abin da mutum yake saƙawa a ransa, kuma firgitar ɗan maƙwabcinku ta fi kama da wannan. Saboda haka kunna wa yara irin wannan fim a ƙofar shago haramun ne, ba ni da shakka a kai, domin ya haɗa firgita Musulmi da cutarwa, alhali hadisin da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa ya ce babu cuta babu cutarwa. Kasancewar su suke zuwa da ƙafarsu ba uzuri ba ne, tunda yardar yaro ba ta halatta abin da zai cutar da shi.

Akwai wata ɓarna da ta keɓanci wannan salo ban da sauran fina-finan ban tsoro, kuma ita ta fi damuna. Allah ya sanya sama wurin lura da samun natsuwa. A Suratul Mulki ya ce ka mayar da kallonka, ko kana ganin wata ɓaraka, ya kuma ce ya ƙawata saman duniya da fitilu, sannan a ƙarshen Ali Imrana ya yabi masu tunani a kan halittar sammai da ƙasa suna cewa Ubangijinmu ba ka halicci wannan a banza ba. Mutanen karkara sun fi na birni rabo da wannan ni'ima, domin a daren bazara, idan aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, babu hasken lantarkin da yake dushe taurari, yaro yana kwance uwarsa tana nuna masa Kaza da 'Ya'yanta da Zara matar wata, uban kuma yana sanin kusantowar asuba da fitowar gamzaki. Mai littafin Risala ma da ya hana duba da taurari ya halatta amfani da su wajen gane alƙibla da sassan dare. Fim ɗin da zai sa yaron nan ya ɗaga kai ya ga maɓoyar dodanni a inda Allah ya ce ya ga ayoyinsa ya ɓata masa abu mai tsada. Ga shi kuma hoton ƙarya ne, domin tun watan Nuwamba na 2000 ba a taɓa rasa mutane zaune a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ba, wadda take kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 400 cikin kusan minti 90. Musulmi ma sun je sararin samaniya: Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya ya fita a 1985, likitan Malesiya Sheikh Muszaphar Shukor kuma ya je a 2007 cikin watan Ramadan, har malaman ƙasarsa suka rubuta masa jagora kan yadda zai yi salla da azumi a wurin da rana take fitowa sau 16 a yini guda. Abin da ya dame su shi ne alƙibla da lokutan salla, ba dodo ba.

Amma babba mai hankali da yake kallo shi kaɗai ko tare da sa'o'insa, hukuncinsa yana bin abin da fim ɗin ya ƙunsa da abin da yake haifar masa. Ba zan tsawaita kan saɓanin malamai game da hoto mai motsi da kiɗa ba, domin wannan ya shafi kowane fim ne. Idan akwai tsiraici, to Suratun Nur ta yi umarni da runtse ido, kuma ya haramta. Idan yana sa shi makara sallar asuba, ko ya bar shi da tsoron da zai hana shi fita masallaci ko zuwa gona da duku-duku, ko yana da ciwon zuciya ko hawan jini da razana za ta iya tayarwa, shi ma ya haramta a kansa. Idan ya kuɓuta daga duk wannan, abin da ya rinjaya a wurina shi ne makaruhi ne, barinsa ya fi, saboda ɓata dare ne a abin da ba ya amfanar duniya ko lahira, ga kuma yawan ganin yayyaga jikin ɗan'adam da yake sa zuciya ta bushe, kuma Allah ya ce ji da gani da zuciya duka abin tambaya ne. Ban haramta shi kai tsaye ba domin ba ni da nassin da zan yi haka da shi, kuma haramta abin da Allah bai haramta ba laifi ne kamar halatta haram. Sai dai masu tsira daga waɗancan sharuɗɗa a cikin irin waɗannan fina-finai kaɗan ne ƙwarai, kai da kake tura su ka fi ni sanin haka.

Kuɗinka kuma yana bin aikin da aka biya ka a kansa. Na caji halal ne tsantsa. Na tura fim ɗin da babu haram a cikinsa ga babba shi ma halal ne, na wanda yake da tsiraici ko izgili ga addini kuwa bai halatta ba, domin taimakekeniya ce a kan zunubi, wadda aya ta 2 ta Suratul Ma'ida ta hana, kuma haka hukuncin yake idan ka san yaro ne zai kalla, ko da wayar yayansa ya kawo. Batun haƙƙin masu fim ɗin da ake kwafa ba da izininsu ba mas'ala ce ta daban da ba ka tambaya ba, amma ka san tana nan. Abin da ya wuce cikin rashin sani ka nemi gafarar Allah, idan kana da hali ka yi sadaka da gwargwadon abin da kake zaton ya shigo ta wannan hanya, sannan ka tace abin da yake cikin kwamfutarka, kada ka tura abin da ba ka san cikinsa ba.

Maƙwabcinku yana da gaskiya, kuma ya kyauta da ya bi ta wurin mahaifinka. Ka je da kanka ka ba shi haƙuri, ka nemi izininsa ka zauna da yaron da rana tsaka ka bayyana masa cewa mutum ne a cikin riga, domin zai fi yarda da bakin wanda ya kunna. Iyayensa su riƙa tofa masa Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi lokacin kwanciya, su koya masa addu'ar da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya koya wa Khalid bin Walid da ya kai kukan ana firgita shi a barci, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa: "A'uzu bi kalimatillahit tammati min gadabihi wa iƙabihi wa sharri ibadihi wa min hamazatish shayaɗini wa an yahdurun." Kada a yi masa dariya ko a doke shi don ya ƙi kwana a waje, kada kuma a yi gaggawar cewa aljanu ne a kai shi wurin boka, tunda an san sanadin abin. Idan firgitar ta ɗauki makonni ba ta lafa ba, ko ta zo da fitsarin kwance ko ƙin cin abinci, a kai shi asibiti likita ya duba shi.

Wallahu a'alamu.