Kibiyar kwamfutata ta haukace tun da na sabunta manhaja

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Musulunci ta Madina, ina kan rubuta risalar majistir, wato digiri na biyu, saura wata biyu in miƙa. Da MacBook nake aiki. Na ɗora ta a kan littattafai don ta zo daidai idona, ina amfani da kibod da faifan linzami marar waya, wato Magic Trackpad. Shekara biyu bai taɓa ba ni matsala ba. Makon jiya kwamfutar ta dame ni da saƙon in sabunta manhaja. Wani abokina ya ce in fara kwafe aikina tukuna, sai na sayo diskin ajiya na jona, na kwafe komai, sannan na yi sabuntawar. Tun daga ranar kibiya ta haukace. Sai ta tsaya cak, sai kuma ta yi tsalle. Jiya ta ja mini sakin layi guda ta kai shi tsakiyar wani babi. Wani lokacin kuma in na kai ta gefen dama sai ta ɓace gaba ɗaya. Faifan ne ya mutu in sayi sabo, ko in koma tsohuwar manhaja? (Wani ɗalibi, daga Madina)

AMSA: Wa alaikumus salam, Ustaz. Allah ya ba da sa'ar risala. Kada ka sayi komai, kada kuma ka taɓa batun komawa tsohuwar manhaja, domin wannan sai an goge kwamfutar an sake zuba mata komai, kuma ba aikin da mai saura wata biyu zai shiga ba ne.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da ya tsaya mini a rai ba sabuntawar ba ce. Diskin nan ne. Ka ce ka jona shi ka kwafe aikinka, amma ba ka ce ka cire shi ba. Ina kyautata zaton yana nan kan tebur har yanzu, 'yar fitilarsa na ƙyaftawa, bai fi taƙi ɗaya daga faifan ba. Abu biyu suka shigo ɗakinka rana ɗaya, sai ka kama wanda ya fi surutu.

Ga dalilina. Faifan nan yana magana da kwamfuta ta Bluetooth, a zangon rediyo na gigahaz 2.4. Zango ne mai cunkoso kamar ƙofar Harami bayan sallar Juma'a: Wi-Fi na ciki, abin sauraro na kunne na ciki, har na'urar ɗumama abinci tana zubo hayaniyarta a wajen 2.45. Bluetooth kan tsira ne ta hanyar tsalle tsakanin tashoshi 79, sau 1,600 a daƙiƙa ɗaya, in wannan ta cika ya koma waccan. To, wayoyi da ramukan USB 3, waɗanda diskokin yanzu ke amfani da su, suna fitar da hayaniya mai faɗi da ke rufe yankin nan duka. Ba zancen masu gyara ba ne kawai, Intel da kansu sun fitar da bayani a kai tun 2012. Idan wayar diskin mai araha ce, ba a lulluɓe ta da kyau ba, abin ya fi muni. Saƙon yatsanka yakan ɓata a hanya, kibiya ta tsaya tana jira, sannan sauran saƙon ya iso a dunƙule, ta yi tsalle. In kuma yankewar ta faɗo tsakanin dannawa da sakewa, kwamfuta sai ta ɗauka har yanzu kana riƙe, ta ja abin da ke ƙarƙashin kibiyar. Ina jin haka sakin layinka ya yi hijira.

Na taɓa shan wannan a shagona nan Jidda. Wani bawan Allah ya kawo mini nasa sau uku. Duk lokacin da ya ajiye a kan teburina sai faifan ya nutsu, kamar yaron da zazzaɓi ke sauka da zarar an iso ƙofar asibiti. A zuwa na uku har ya fara yi mini kallon wanda bai san aikinsa ba. Na ce ya ɗauko mini hoton teburinsa na gida da jawwal, wato wayar hannu. Ina dubawa na ga wani ɗan akwatin ramuka da ya saya a titin Falasɗinu, an cusa masa diski biyu da filash, faifan kuma jingine da shi. Muka matsar da akwatin bayan allo da doguwar waya. Shi ke nan. Ban karɓi ko riyal ɗaya ba, shayi kawai ya saya mini.

Amma zato zato ne, don haka ga gwajin da zai raba gardama. Ka ɗauko wayar cajin faifan ka jona shi kai tsaye da jikin kwamfutar, ka kashe Bluetooth, ka yi aiki rabin awa da kibod ɗin kwamfutar. Duk irin faifan da aka yi daga 2015 zuwa yau yana aiki ta waya, ko mai bakin Lightning ne ko mai USB-C da ya fito a 2024. Na farkon ne kawai, na 2010 mai batura biyu, ba shi da wannan, kuma ba shi ne a hannunka ba. Idan kibiya ta nutsu a kan waya, to faifanka lafiyarsa lau, matsalar a iska take. Ka cire diskin, ka kunna Bluetooth, ka gani. Idan akwai rauta a ɗakin, wato na'urar da ke ba da Wi-Fi, ka koma kan layin gigahaz 5, ka bar wa Bluetooth filinsa. A masaukin ɗalibai, inda kowane ɗaki ke da nasa Wi-Fi, wannan kaɗai yana kawo sauƙi.

Ba ina wanke sabuntawa ba ne gaba ɗaya. Tana da nata. Kwana ɗaya ko biyu bayanta kwamfuta takan shagala da sake jera fayiloli don bincike, ta yi zafi, komai ya yi nauyi, har da kibiya. Naka ya kai mako, wannan ya kamata ya wuce. Wani lokacin kuma bayanin haɗin da ke tsakanin faifan da kwamfuta ne ke rikicewa. Maganinsa sauƙi: ka shiga System Settings, ka buɗe Bluetooth, ka sa kwamfutar ta manta da faifan, ka kashe shi ta ɗan makunnin da ke bayansa, ka kunna, ka jona waya. Da kansa zai sake haɗuwa. Za ka ga ana ba da shawarar danna Shift da Option a kan alamar Bluetooth don a sake saita ta. Kada ka wahalar da kanka, tun manhajar Mac mai suna Monterey ta 2021 aka cire wannan zaɓin. Haka ma danna maɓallai huɗu yayin kunnawa don sake saita kwamfuta, na kwamfutoci masu ƙwaƙwalwar Intel ne. In taka mai ƙwaƙwalwar M1 ta Apple ce ko abin da ya biyo baya, ba ruwanta da shi.

Ɓacewar kibiya a gefen dama kuwa, ina zargin wani abu daban. Kana da iPad a ɗakin, mai asusu ɗaya da kwamfutar? Tun 2022 akwai tsarin da ake kira Universal Control, wanda ke barin kibiya ta tsallaka daga allon Mac zuwa na iPad da ke kusa. Mutum na nemanta a nan, ita tana can tana yawo a kan littafin da ya bari a buɗe. Ka shiga Displays, ka danna Advanced, ka kashe.

Idan kuwa ka jona waya kibiya ba ta daina ba, to a nan gizo ke saƙa, sai mu duba wurare biyu. Na farko, faifan da ke jikin kwamfutar kanta. Batirin laftof yana ƙarƙashinsa ne, kuma zafin ƙasar nan ba ya raga wa batir. Wanda ake bari a caji dare da rana, ko a mota da azahar, yakan kumbura ya tokare faifan daga ciki. Ka rufe kwamfutar ka dube ta ta gefe. Idan murfin ba ya haɗuwa, ko gindinta yana rawa a kan tebur, ka cire caja nan take ka kai ta gyara, kada ka danna kumburin. In babu kumburi, a cikin Accessibility, ƙarƙashin Pointer Control, akwai zaɓin da ke sa kwamfuta ta yi watsi da faifan jikinta muddin na waje yana haɗe. Ka kunna shi. Na biyu, ƙananan manhajojin da ake sakawa don ƙara wa faifan dabaru. Su ne sabuntawa ta fi barin su a baya. In taka mai M1 ce ko abin da ya biyo baya, ka kashe kwamfutar, ka riƙe maɓallin kunnawa har zaɓuɓɓuka su bayyana, ka zaɓi diskin cikin kwamfutar, ka riƙe Shift ka shiga Safe Mode, wato yanayin da kwamfuta ke tashi ba tare da irin waɗannan manhajojin ba. In ta nutsu a can, ɗaya daga cikinsu ne, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana cirewa.

Kuma ka gwada ba tare da caja ba. Cajar jabu tana watsa hayaniyar lantarki cikin duk abin da aka jona.

Abokin nan da ya ce ka kwafe aikinka, ka riƙe shi da kyau. Ka ci gaba da kwafewa kowane dare, in ka gama ka zare diskin ka sa a jaka.

TAMBAYA: Malam, ina sayar da abaya da turaruka ta intanet. Nawa faifan, bayan sabuntawa, wani lokaci sai ya ƙi bin yatsana, shekaranjiya kuma ya daina yin ƙas ɗin nan sam, ya zama kamar faranti. Ya karye ne? (Wata uwargida, daga Jidda)

AMSA: Hajiya, bai karye ba in sha Allah. Faifan nan ba shi da maɓallin da ke motsi. Ƙas ɗin da kike ji wani ɗan inji ne a ciki yake buga wa yatsa, don haka in caji ya ƙare ko an kashe makunnin baya, sai ya zama farantin da kika ce. Ki jona shi da kwamfuta ki bar shi awa biyu, ki tabbata makunnin yana nuna kore.

Ƙin bin yatsa kuma, sana'arki nake zargi da garinmu. Fuskar faifan tana jin ɗan lantarkin da ke jikin fata ne, kuma danshi yana ruɗa ta, ta ɗauki ɗigon ruwa a matsayin yatsa na biyu. Ke da kike wuni kina ɗura humra da man oud a kwalabe, ga laimar Jidda da ke kwanta wa gilashi da zarar an kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, an buɗe taga, ba mamaki. Ki kashe shi, ki goge da tsumma mai laushi da aka ɗan jiƙa da ruwa aka matse sosai, kada ki fesa masa komai kai tsaye, ki bari ya bushe. In kin taso daga alwala ko daga kan kwalabe, ki tsane hannu kafin ki taɓa shi. Idan bayan kwana uku bai canza ba, ki sake rubuto mini, ki haɗo da hoton teburin yadda yake, kada ki gyara komai kafin ki ɗauka.