Kartar da ake rabawa, wasu a kife wasu a buɗe

Tambaya: Assalamu alaikum. A finafinan kaboyin Amurka nakan ga ana raba karta, wasu a kife, wasu a buɗe kowa na kallo. Ni Whot kaɗai na iya. Wane wasa ne wannan, kuma yaya ƙa'idarsa take?
Mai karatu daga Gusau

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Sunan wasan Stud, tsohon nau'in poka ne (wasan kartar da ake zubi a kai) na Amurkawa, wanda suke bugawa tun zamanin yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865. Na fim ɗin galibi mai karta biyar ne: ɗaya a kife, huɗu a buɗe. Amma wanda ya fi yaɗuwa daga baya shi ne mai karta bakwai, kuma shi na sani da hannuna. Na koye shi a ɗakin ɗalibai a Shikago, cikin tsananin sanyi, da tsinken ashana muke zubi. Ban yarda a sa kuɗi ba, don da zarar kuɗi ya hau tebur ya zama caca, kai ma ka san hukuncinta.

Ga yadda yake. Karta 52 ce, mutum biyu zuwa takwas. Kowa ya fara ɗan zubi, sai a ba shi biyu a kife, ɗaya a buɗe. Wanda tasa buɗaɗɗiyar ta fi ƙanƙanta shi ke fara ƙara zubi dole. Sai a ƙara uku a buɗe, ɗaya bayan ɗaya, ta bakwai kuma a kife. Bayan kowace rabawa ana zagayawa: ko ka biya daidai da na gabanka, ko ka ƙara, ko ka kife kartarka ka haƙura. Daga karta ta huɗu, mai buɗaɗɗen hannu mafi ƙarfi shi ke fara magana. A ƙarshe ka zaɓi biyar mafi kyau cikin bakwai ɗin, wanda nasa suka fi ƙarfi shi ya ci. Uku masu lamba ɗaya sun fi tagwaye biyu, biyar masu alama ɗaya sun fi biyar a jere, uku masu lamba ɗaya haɗe da tagwaye sun fi su duka, huɗu masu lamba ɗaya kuma sun ɗara wannan.

Inda nake so ka tsaya shi ne ido. Wata rana ina riƙe da karta biyu masu lamba takwas, na dage ina ta zuba ashana ina jiran ta uku. Da aka gama, abokin ɗakina ya nuna min takwas mai zuciya tana buɗe a gabansa, ɗayar kuwa wani ya kife ta tun zagayen farko. Kartar da nake jira ba ta cikin tulin gaba ɗaya. Tun daga ranar, kafin in leƙa nawa, sai na fara bin buɗaɗɗun kartocin mutane da kallo, ina haddace waɗanda aka kife.