Anti, wai da gaske ɗan da ke ciki yana jin magana?

Tambaya: Salam Anti, ina da cikin fari wata 6, a wurin awo nas ta ce mu dinga yi wa cikin magana da karatu, ni kuma wallahi kunya nake ji, maigida ma dariya ya yi min. Yana ji kuwa? Daga ƙanwarki a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumussalam ƙanwata, Allah ya raba lafiya. Gaskiya nas ɗin ta faɗa miki. Tun wajen sati na 18 kunnensa ke fara ɗaukar sauti, zuwa sati na 25 ko 26 kuma har motsawa yake idan ya ji ƙara, kuma muryarki ce ta fi isa gare shi tunda ta cikin jikinki take bi. A 1986 an yi bincike a Amurka, mata suka dinga karanta labari ɗaya a satuttukan ƙarshe na ciki, da aka haihu jariran sun fi son jin wannan labarin a kan wani sabo.

To ba sai kin yi wani dogon shiri ba, bayan sallar isha'i ki kishingiɗa ki ɗora hannu a kan cikin, ki karanta surorin da kika saba a bayyane, ko tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ko kina yankan alayyahu ki dinga ba shi labarin abin da kike yi. Maigida kuma kar ki matsa masa, ranar da yaron ya harba ki jawo hannunsa ki ɗora a wurin, ki ce ya yi masa sallama.

Amma don Allah kar ki manna waya ko sifika a jikin cikin, ƙara mai yawa ba ta da kyau ga kunnensa.